Bencin da ke Kallon Katanga

Har yau ban manta da Juma'ar da aka rufe ɗaukar sababbin ɗalibai ba, a shekarar da aka fara dafa wa yara abinci a makarantun firamare na gwamnati. Ku da kuka zo aiki daga baya kun tarar da yadda muke gudanar da ranar rajista kamar dama can haka ake yi. Kwanaki na ji wani sabon malami yana tambaya me ya sa ake ajiye benci ɗaya kusa da tebur yana kallon katanga, ya ce ko masinja ne bai iya jera kujeru ba. Masinjan ni ne, kuma da gangan nake juya shi. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faro, tunda yanzu Allah Ya sa ina iya riƙe biro.

Sunana Modu. A Gwallaga aka haife ni, amma kakana daga Borno ya zo. Aikina a makarantar nan shi ne in buɗe ofis, in share, in kaɗa ƙararrawa, in kai takardu ofishin ilimi in karɓo. A wancan lokacin ban iya karatun boko ba. Ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, wanda ake yi bayan la'asar, kuma shugabar makarantarmu ta lokacin, Hajiya Talatu, ita ce ta matsa mini in shiga. Ta ce ba ta son masinjan da zai ɗauko takardar korarsa da hannunsa yana murmushi.

Ga wanda bai san makarantarmu ba, tana can ƙarshen Gwallameji, inda sababbin gidaje suka tsaya gonaki suka fara. Masu manyan gidajen nan ba sa kawo mana 'ya'yansu, da safe mota ke kwashe su zuwa makarantun kuɗi. Namu su ne 'ya'yan magina da leburori da masu gadin gidajen, da 'ya'yan masu keke napep, da na manoman da suka matso daga wajen Zungur. Akwai Jarawa, akwai Sayawa, akwai Hausawa, Musulmi da Kirista, a benci ɗaya. Wasu kan zo aji ɗaya ba su da Hausa sosai, kafin hutun farko sai ka ji sun fi ka baki. Sannan akwai rugar Fulani a bayan tudu, tafiyar da yaro zai iya yi da ƙafa. Kafin shekarar nan da nake magana, 'yan rugar da ke zuwa mana ba su da yawa.

Da labarin abinci ya bazu, sai jama'a suka cika mana fili. Ba laifi ba ne, yaro da yunwa ba ya karatu. Amma da yawan ya ƙaru, sai ofishin ilimi ya turo sabuwar doka, don kada a cika rajista da sunayen yaran da babu su. A da, kowa na iya kawo yaro a rubuta shi, maƙwabci ne ko yaya. Yanzu aka ce sai uwa ko uba ya zo da kansa, ya tabbatar yaron nasa ne, a rubuta, ya dangwala yatsa. In mai riƙo ne, sai ya zo da takardar mai unguwa. Aka kuma sa ranar rufewa, Juma'ar ƙarshen wata. Bayan ranar ba a ƙara suna sai wata shekara.

Ga yadda muke yi. Ana fitar da tebur gindin dalbejiyar da ke gaban ofis. Malam Nasiru, mataimakin shugaba, shi ke rubutu. Saurayi ne mai tsantseni, ɗan cikin gari, ba ya ha'inci ko na layi ɗaya. Wanda ke da takardar haihuwa ko katin asibiti sai ya miƙa. Wanda ba shi da ko ɗaya, sai a sa yaron ya ɗora hannun dama ta saman kansa ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya isa shiga aji ɗaya. In bai kamo ba, sai baɗi. Ni kuma nawa shi ne ɗan akwatin tawada. In kama babban yatsan uwa ko uba, in taɓa a tawada, in danna a gefen sunan da Malam Nasiru ya nuna mini.

A makon farko wata mata daga ruga ta zo, sunanta Dudu. Siririya ce, ba ta da yawan magana, da goyo a bayanta, tana riƙe da hannun wani yaro. A bayansu kuma akwai yarinya da ta fi yaron tsawo, ta ɗauko musu ƙwaryar ruwa. Aka gwada yaron, ya kamo kunne. Dudu ta faɗi sunansa ba tare da wata wahala ba, na danna mata yatsa. Sai Malam Nasiru ya nuna yarinyar da biro.

"Wannan fa? Ita ma za a rubuta ta?"

Dudu ta kalli ƙasa. Ta ce, "In kun ga dama."

"To, yaya sunanta?"

Ta gyara goyonta.

"Baiwar Allah, 'yarki ce?"

Ta ce, "Ba tawa ba ce. Ta kakarta ce."

"Ina kakar?"

"Tana wajen shanu."

Malam Nasiru ya yi mata bayani a hankali, cewa tunda ba 'yarta ba ce, sai uwar ko uban ya zo, ko kakar ta zo da takardar mai unguwa. Dudu ta ce to. Ta juya ta tafi, yarinyar ta bi ta. Layi na da tsawo, rana ta yi zafi, muka ce na gaba ya matso. Ni ma a raina na ɗauka 'yar riƙo ce, don riƙo ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Daga ranar, kullum da safe yarinyar ce ke rako yaron. Sai ta tura shi ya shiga, ita kuma ta zagaya bayan aji ɗaya, inda katanga ta zube, ta tsaya daidai taga. In yara suna maimaita abin da malama ta faɗa, sai ka ga bakinta na motsi. Ba ta taɓa matsowa wajen masu rabon abinci ba, ko kallon wajen ba ta yi. In an tashi, ta kama hannun yaron su wuce.

A Litinin ta makon ƙarshe Hajiya Talatu tana zagayen ajujuwa, ina bin ta da makullai, sai ta hango ta.

"Baba Modu, waccan 'yar wace ce? Kullum ina ganinta a nan."

Na gaya mata abin da ya faru a tebur. Ta tsaya tana kallon yarinyar. Sai ta ce, "Matar da ta kawo ta, da me take kiranta?"

Na yi tunani. Na ce, "Hajiya, ban ji ta kira ta da komai ba. Ko da za su tafi, kai kawai ta kaɗa mata."

"Ta kalle ta?"

"Ba ta kalle ta ba."

Hajiya ta ce, "Bi ni."

Muka shiga aji ɗaya. Ta gaisa da malama, ta ce wa yara za a yi wasa. Ta ce duk wanda shi ne ɗan fari a wajen mamarsa ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ko'ina, 'ya'yan magina, 'ya'yan manoma, har da masu ɗagawa don sun ga na kusa ya ɗaga. Sai ta ce 'yan ruga su miƙe tsaye. Suka miƙe, sun kusa cika layi biyu. Ta sake tambayarsu su kaɗai, ta sa wani mai wayo a cikinsu ya maimaita da Fulatanci. Babu hannu ko ɗaya. Ta ce to, wa ke da yaya ko adda a gida da ba a sa shi makaranta ba? Nan fa hannuwa suka tashi. Ƙanin yarinyar nan har da nuna taga.

Da muka fito, Hajiya ta kira Malam Nasiru ofis. Ina bakin ƙofa. Ta ce masa, "Malam, mun ɗauki ruga guda ba ɗan fari ko ɗaya. Ka taɓa ganin gari haka?"

Ya dafe kai. Ya ce, "Innalillahi. Alkunya ce."

Ga wanda bai tashi da wannan al'ada ba: uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Ba ta nuna shi a gaban mutane ta ce nata ne, ba ta roƙa masa komai, ba ta yabonsa. In an tambaye ta sai ta ce na kakarsa ne, ko ƙaninta ne. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma wadda ta karya ta za a daɗe ana yi da ita. Duk mun san wannan. Ni kaina ɗan fari ne, kuma har mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin Modu a bakinta ba, "kai wannan" take ce mini. Amma a cikin gari abin ya yi sauƙi. Uwa sai ta miƙa katin asibiti ta yi shiru, ko uba ya kawo yaron. Matan ruga ba su da kati. Mazansu kuma a wannan lokaci na shekara suna can bayan duwatsu da shanu, nesa da gonakin mutane, sai an yi girbi su sauko. Dokar da aka yi don a hana sunayen ƙarya, sai ga shi ta tsaya daidai kan sunan da uwa ba za ta iya faɗa ba.

Malam Nasiru ya ce, "Hajiya, na gane. Amma takardar ofis cewa ta yi uwa ko uba ya tabbatar. Matar ta ce mini a gaban mutane ba 'yarta ba ce. Ba zan rubuta akasin abin da na ji ba."

Hajiya ta ce, "Ban ce ka rubuta ba. Da ka rubuta da na ji haushinka. Ka bar ni in nemo hanya."

Lokaci ne ya ƙure mana. Saura 'yan kwanaki a rufe. Kuma duk mun san abin da zai biyo baya: da an gama girbi shanu za su sauko su ci karan gona, daga nan su nufi kudu neman ruwa, kuma duk yaron da ya tasa, in ba ya makaranta, da shi ake tafiya. Yarinyar nan ta riga ta fi 'yan aji ɗaya tsawo. In ta wuce bana, baɗi ba wanda zai zaunar da ita cikin ƙanana, ita ma ba za ta yarda ba.

Akwai wata tsohuwa mai kawo fura da nono bakin ƙofar makaranta, Goggo Daso, 'yar rugar ce. Ni da ita ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, saboda wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Da ta iso ranar, ta hango ni, sai ta ɗaga murya.

"Babarbare, bawan gidanmu, zo ka sauke uwargijiyarka."

Na ce, "Ke da kakanki ya yi wa kakana kiwo? Sauke kayanki, shugaba na kiran ki. Yau asirinki ya tonu, an gano ruwan da kike zuba wa nono."

Ta ce, "Ruwan ma ya fi ƙarfin Babarbare."

Hajiya ta ba ta kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Hajiya ita ma ta sauko ta zauna kan tabarmar sallarta. Ta tambaye ta yarinyar. Goggo Daso ta yi dariya, ta ce, "Aisatu? Ai 'yar Dudu ce ta cikinta, ni na yanke mata cibiya. Kamarsu ɗaya har tafiya. Ku masu boko ba ku da ido ne?"

Hajiya ta ce, "Goggo, idon ne muka samu yau. In na je na roƙe ta, za ta faɗa?"

"Ko wuƙa kika sa mata a wuya ba za ta faɗa ba. Kuma kada ki je ki roƙe ta a gaban mata, za ki ba ta kunya, gobe ta hana ƙaramin ma zuwa."

 Hajiya ta ce, "Baki ne ba zai faɗa ba. Yatsa fa?"

Goggo Daso ta juya maganar a ranta. Ta ce, "Tana kallon yarinyar, ana kiran sunan, ta miƙa hannu? A'a. Wannan ma faɗa ne."

"In ba ta kallo fa? In ta ba mu baya, ke kika faɗi sunan, ita hannu kawai za ta miƙo ta baya?"

Tsohuwar ta daɗe tana kallon Hajiya. Sai ta ce, "Wanda ya juya baya ai bai ga komai ba. Hannu kuma, in wani ya kama shi ya danna, ba laifin mai hannu ba ne." Ta nuna ni da haɓa. "Laifin Babarbare ne, shi kuma dama ba shi da kunya."

Washegari Hajiya ta je ofishin ilimi da kanta, ba ta aike ni ba. Ta ce wannan ba maganar takarda ba ce. Ba ta so ta yi abin a ɓoye, daga baya a zo a soke sunayen yara bayan sun saba da aji. Mai duba makarantun shiyyarmu, wani dattijo da muke kira Alhaji Sufeto, ya saurare ta, ya ce bai ce e ba bai ce a'a ba, zai zo ran Juma'a ya gani da idonsa. Ranar Laraba da yamma kuma muka hau keke napep ni da ita zuwa ruga. Ba ta nemi Dudu ba, ko sunanta ba ta ambata ba. Ta gaida tsofaffi, ta sha nono, ta ce wa matan gaba ɗaya ran Juma'a akwai benci a makaranta da ke kallon katanga, duk wadda ta gaji da tafiya tana iya zama a kai ta huta. Goggo Daso ta ƙara musu bayani da Fulatanci. Matan suka rufe baki da mayafi suna dariya. Ba wadda ta ce za ta zo.

Ran Juma'a na fitar da tebur tun da wuri, na ɗauko benci na juya shi, bayansa na taɓa gefen tebur, gabansa na kallon katanga. Alhaji Sufeto ya iso a kan babur ɗinsa, aka ba shi kujera. Muka rubuta 'yan cikin unguwa da suka makara. Hantsi ya yi, ba 'yan ruga. Malam Nasiru yana ta duban agogo, don ran Juma'a da wuri ake tashi saboda masallaci. Hajiya tana tsaye, na ga tana murza bakin mayafinta.

Sai ga su sun ɓullo ta inda katanga ta zube. Goggo Daso ce a gaba, yara na biye da ita, manya-manya, maza da mata, an wanke su an shafa musu mai. Matan kuma suna can baya, nesa, kamar ba tafiyarsu ɗaya ba. Suka gaida Hajiya, suka tsaya gefe suna kallon sama, suna kallon bishiya.

Goggo Daso ta kamo hannun yarinyar nan ta kawo ta gaban tebur. Ba wanda ya kira kowa. Muka jira. Can sai Dudu ta fito daga cikin mata, tana gyara goyonta, ta wuce mu kamar mai neman inuwa, ta zauna a bencin, ta ba mu baya. Ta ja mayafi ta rufe kanta.

Goggo Daso ta ce da ƙarfi, "Wannan Aisatu ce, 'yar Jauro, 'yar Dudu. Ni na karɓi haihuwarta."

Malam Nasiru ya ɗaga biro, sai Alhaji Sufeto ya ɗaga hannu.

"Dakata. Hajiya, ina da tambaya. Dokar nan an yi ta ne don a tabbatar yaro na da iyaye, ba aro aka yi ba. Matar nan ba ta yi magana ba, ban ga fuskarta ba. Ta ina zan san ita ce uwar? Gobe kowa sai ya ɗauko mace ya zaunar a benci."

Tambayar gaskiya ce. Hajiya ta ce, "Ranka ya daɗe, dubi matan can. Da aka kawo yarinyar nan, duk suna kallonta, wasu har suna mata murmushi. Mace ɗaya ce ta kasa. Wadda ba uwar ba ce, babu abin da zai sa ta juya baya. A cikin mutanen nan, in kana neman uwar ɗan fari, nemi wadda ba ta kallonsa."

Alhaji Sufeto ya dubi matan, ya dubi bayan Dudu, ya dubi yarinyar. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Ni ma tawa gyatumar ba ta taɓa zuwa makarantarmu ba, ko ranar da na ci kyauta. Sai daga baya na ji a bayan danga take tsayawa." Ya mayar da tabarau. "Malam Nasiru, rubuta. Ka sa sunan mai shaida a gefe, ni zan sa hannu a ƙasa."

Malam Nasiru ya rubuta. Ina kallon biron, na gane harafin farko, don shi ne aka fara koya mana a ajinmu na yamma, kuma shi ne karo na farko da na gane wani abu a rajistar da na shekara da shekaru ina ɗauka. Ya nuna mini wurin. Na zagaya da takardar da tawada bayan benci. Kafin in ce komai, hannu ya fito daga ƙarƙashin mayafi, ta baya, tafin yana sama. Na kama babban yatsan. Na taɓa shi a tawada, na kai kan takarda. Ban danna ba. Ita ta danna, da ƙarfin da sai da tawadar ta fito ta bayan shafin.

Ta tashi ta koma cikin mata, ba ta waiwaya ba. Wata ta fito ta zauna. Haka muka yi ta yi. In Goggo Daso ba ta halarci haihuwar yaro ba, sai wata tsohuwa ta yi shaidar. Da aka zo kan na uku, matan sun saki jiki, har suna tsokanar duk wadda ta nufi benci, suna ce mata ta gaji da wuri. Goggo Daso kuma ba ta bar ni ba, tana cewa in riƙe hannun 'ya'yan iyayengijina da ladabi. Malam Nasiru ya gwada wani dogon yaro da kamun kunne don dariya, yaron ya kamo kunne har ya wuce zuwa haɓa. Muka gama daf da kiran sallah.

Ina naɗe kaya, jama'a sun fara watsewa, sai Dudu ta zo ta tsaya kusa da Hajiya. Ba ta kalle ta ba, dalbejiya take kallo. Ta ce, "Cikin yaran da kuka rubuta yau, akwai wadda kunnenta na hagu ba ya ji sosai, tun wani zazzaɓi. In da hali, a zaunar da ita gaba."

Hajiya ta ce, "Za a duba cikin yaran."

Dudu ta ce, "To." Ta tafi.

Ranar Litinin Aisatu ta zauna a bencin gaba, kunnen dama wajen allo. Tagar da ta saba tsayawa tana bayanta. Ta gama aji shida a nan, yanzu tana sakandare, kuma in ta zo wucewa takan tsaya ta duba mini rubutuna, ta ce ina cinye wasali. Hajiya Talatu ta yi ritaya. Alhaji Sufeto ya kai maganar wasu makarantun da ke kusa da rugage, ban san ko sun ɗauka ba. Mu dai tun daga shekarar ba a taɓa buɗe rajista a nan ba tare da bencin ba, ko da babu wadda za ta zauna.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, ƙidayar yara ba ta ƙarewa a kan waɗanda ke cikin aji. Duk mun ga aji ya cika mun yi murna, Hajiya ce kaɗai ta tsaya ta tambayi wane ne babu. Kuma ba ta karya doka ba, ba ta sa Malam Nasiru ya rubuta abin da bai ji ba, ba ta kuma ce wa matan su bar al'adarsu don mu muna sauri ba. Ta zauna a ƙasa da mai tallar nono har suka samo inda doka da kunya za su wuce ba su goge juna ba. Ku masu zama a tebur yanzu, in mace ta ce muku yaro ba nata ba ne, kada ku yi saurin cewa na gaba. Ku duba ko tana kallonsa.

Ba duka muka samu ba, kuma ba na son a ba da labarin kamar mun samu duka. Tara muka rubuta a ranar. Uku sun kuɓuce mana. Biyu maza ne, an riga an tura su wajen shanu tun makon da aka mayar da iyayensu mata daga tebur, kuma ba su dawo ba sai bayan an rufe. Ta ukun yarinya ce, ta zo har gaban tebur an yi mata kitso, amma uwarta ƙaramar mace ce a rugar, surukarta na tsaye a wurin, ta kasa tashi ta je bencin. Mun jira ta har daf da kiran sallah. Da kaka ta yi, su ukun suka bi shanu kudu, ban sake ganinsu ba. Na tambayi Goggo Daso sunayensu tun a lokacin, na riƙe a ka, don ban iya rubutawa ba. Ba su shiga rajista ba, iyayensu mata kuma ba za su faɗa ba, to bari in sa su a nan: Buba, Hammadu, da Hurera.